Daga Jega Zuwa Bakin Teku, Da Turmi Da Taɓarya

A ƙasar Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa da gado a ciki, da ɗan madafi, da makewayi, har da firij. In mutum ya yi ritaya ko yara sun samu hutu, sai ya kwashi iyalinsa su gangara kudancin ƙasar, su bi gaɓar teku daga Karolina zuwa Jojiya har Fulorida, inda dare ya riske su nan ne gida. Har filaye aka ware musu, mai mota ya biya ya jona wuta da ruwa ya kwana. Yaran zamani suna nuna mana hotunan a waya suna cewa an bar mu a baya. Duk mai faɗin haka bai taɓa tsayawa a ƙofar gidan wani magidanci a Jega ya ga ana shirin kai iyali Ikko ba. Su sai da injiniya ya zauna ya zana musu gida a cikin mota. Mu kuwa gidan muke ɗauka ɗungurungum mu cusa shi a bas mai kujera 18, abin da ya ƙi shiga a ɗaure shi a bisa da igiya.

Kuma abin gado ne. Jega, garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa, ya yi suna tun ƙarni na 19 a matsayin kasuwar da ayarin fatake ke yada zango a kan hanyarsu ta Gwanja neman goro. Ayarin nan da mata da yara yake tafiya, da jakuna da tukwane, madugu na shugabanci, jagaba na gaba yana duba hanya, a yi watanni ba a ga gida ba. Sai dai su fatake suna da hujja, goro suka je nema. A nan ne matsalar jikokinsu take.

Ba'amurke zai buɗe baki ya ce zai je kallon teku, ba wanda zai taɓa goshinsa ya ji ko da zazzaɓi. A Jega kuwa, magidanci mai gemu, mai 'ya'ya har da jikoki, ya zauna a majalisa bayan la'asar ya ce zai ƙona man mota na tafiyar sama da kilomita 800 don ya kalli ruwa, a wannan zamani da aka cire tallafin mai tun 2023? Kafin magariba an yanke masa hukunci: ko ya samu kuɗin da ba a san asalinsu ba, ko kuwa a fara nemar masa rubutu. Don haka dole a ƙirƙiro dalili. Ɗan ƙanen matar wansa, mai sayar da albasa a kasuwar Mile 12, an yi masa haihuwa. An yi suna tun watanni biyar, jaririn har ya fara zama, amma ai zumunci a ƙafa yake. In babu haihuwa, akwai gaisuwar rasuwar da ba a je ba tun bara. In ita ma babu, sai a ce za a je duba kasuwa. Teku dai ba a ambatonsa, alhali tun daga Alhaji har autan gida kowa shi yake mafarki.

Kowace unguwa tana da irin Alhajin nan, daga Jega har Aliero da Maiyama, saboda haka kada wani ya tsargu.

Ranar tafiya sirri ce. Alhaji ya tara matansa ya ja kunne: kada kowa ya ji, saboda baki. Matan suka ce to. Uwargida ta gaya wa ƙanwarta kaɗai, amarya ta gaya wa mai kitso kaɗai. Kwana biyu kafin tashi, zauren Alhaji ya koma tasha. Wannan ta kawo ƙullin daddawa da kuka, wancan ya kawo hula za a kai wa ƙaninsa, wata ta kawo yaro sukutum, wai a ajiye mata shi a Ilorin wurin ubansa tunda hanya ce. Akwai tsohuwar da ba ta taɓa fashi, mai ɗa a Kurmi.

"Ina yake zaune a Ikkon, Gwaggo?"

"Can dai Ikko. Dogo na, baƙi, shina saida albasa. Ka tambaya, kowa ya san shi."

Birni mai miliyoyin mutane, adireshin ke nan. Abin haushin kuma, za a same shi, tun a ranar farko.

Sai lodi. Katifu uku, tabarmi, dardumai, butoci da ba za su ƙirgu ba domin kowa da tasa, kurfoti da buhun gawayi, tukwane, kuloli, jarkokin ruwa, fo ɗin yara, gidan sauro, rediyon Alhaji. Ga soyayyun kaji da dambun nama da ƙuli-ƙuli, ga zakara mai rai da za a kai wa mai jego. An ɗora buhun shinkafa, ko da yake tun Disambar 2016 gwamnatocin Legas da Kebbi suka haɗa hannu suka fito da Lake Rice, wato shinkafar fadamunmu ta riga mu sauka Ikko da shekaru. An ɗora rabin buhun albasa tsaraba ga mutumin da ake sauke wa albasar Aliero tirela-tirela. Direba ya zagaya motar, ya dubi tayoyi, ya dubi sama, ya ce ya isa haka. A daidai lokacin Inna, mahaifiyar Alhaji, ta fito ana biye da ita da turmi da taɓarya.

"Inna, turmi kuma? Akwai fura a can."

"Hurar inji? Kai wanga, in ka gaji da ni ka hwaɗi. Ko a tahi da turmina, ko a tahi ba ni."

Aka sauke katifa ɗaya aka ɗora turmi.

Rikicin gidan gaba ya fi na kujerar gwamna zafi, domin shi ba kotun da za a kai. Uwargida tana ganin shekarunta a gidan sun ba ta. Amarya ba ta ce komai ba, sai dai ta ambata a hankali cewa ita fa bayan mota yana sa ta amai, "amma ba komai, Yaya, ke ki zauna." Wanda ya san mata ya san wannan "ba komai" ita ce komai. Alhaji, da yake ya ga jiya ya ga yau, ya sanar da cewa gidan gaba na Kawu ne. Matan biyu suka koma baya suka zauna kafaɗa da kafaɗa, karo na farko a shekarar da ra'ayinsu ya zo ɗaya, wato Alhaji ba shi da kirki. A lissafin mota yaro ba mutum ba ne, cinya ce kujerarsa, don haka bas mai 18 ta ɗauki 27 ba wanda ya ga an yi laifi.

An ce da an sallame asuba za a tashi. Aka yi addu'a, aka raba wa almajirai ƙosai, aka yi yafe-yafe da maƙwabta har da hawaye, kowace maƙwabciya tana share ido tana cewa a sauka lafiya, kada a manta da manja. Hantsi ya dubi ludayi kafin motar ta motsa, kuma da ta motsa sai ta ba kudu baya, domin Kawu a Aliero yake, sai an je an ɗauko shi. Ba a tafiya ba Kawu saboda dalili biyu. Na farko, mutumin Aliero ne, garin masu ɗori, in wani ya gurɗe a hanya ga magani a gidan gaba. Na biyu, shi ne ya san Ikko. Ya yi zama a can zamanin Shagari, kuma bai sake komawa ba. A wurinsa har yau can ne fadar gwamnati. Maganar an koma Abuja tun 1991 yana jin ta, amma bai gama yarda ba.

Azahar ta yi musu a Maiyama, wurin da mai babur ke zuwa daga Jega ya dawo kafin shayinsa ya huce. Nan aka fara muhawarar ƙasaru. Kawu ya ce mil 48 malamai suka faɗa, kuma shi bai ga an ci mil 48 ba. Babban ɗan Alhaji, ɗalibi a jami'ar Aliero, ya ce nisan tafiyar da aka yi niyya ake dubawa, da an bar gine-ginen gari an fara. Yaron ne da gaskiya, amma ya yi kuskuren ciro waya don ya kafa hujja, shi kuwa Kawu ba ya karɓar fatawa daga abin da ake sa wa caji. Aka yi jam'i biyu a gindin bishiya ɗaya. Inna ta bi wanda ya fi sauri.

Guzurin da aka shirya don kwana uku bai ga Koko ba. Ban san abin da mota ke yi wa cikin Bahaushe ba. Mutumin da ke wuni a gida da koko da ƙosai, da ya ji injin ya tashi sai yunwar kakanninsa ta taso. A Yawuri aka sayi kifi, a Kontagora aka sayi tsire da rake, tsakaninsu kuma ana tsayawa duk bayan ɗan lokaci domin yara ba sa jin fitsari tare, kowa da lokacinsa. Daga nan hanya ta fara nuna hali, ramuka da jerin tireloli, turmi yana buga rufin mota. Direba ya ce a yi haƙuri, ai an ƙaddamar da aikin babban titin Sakkwato zuwa Badagiri tun Oktoban 2024, kilomita 1,068, kuma ta Kebbi zai ratsa. Alhaji ya yi hamdala. Kawu ya ce shi tun zamanin Shagari ya fara jin labarin titin nan, kuma a wannan karon dai ba a iya ƙaryata shi ba.

Dare ya yi a Mokwa. Ɗalibi ya kawo shawarar a kama ɗaki a otal, motar ta yi tsit. Alhaji ya juyo ya dube shi, ya tambaye shi ko a gidan wa ya ga an kai matan aure da tsohuwa otal, kuma ko shi zai biya. Aka shiga gidan mai aka roƙi maigadi, wanda aka tarar mutumin Argungu ne. Cikin minti goma unguwa ta kafu. An ɗaura zane daga madubin mota zuwa turken fitila, ɓangaren mata ke nan, ba shiga. An hura kurfoti nesa da famfon mai da ɗan taku kaɗan, bisa tawakkali. Maza suka baje tabarmi a gefen taya, aka rataya gidan sauro a jikin lodi, rediyo na kawo labaran duniya. Zakaran mai jego, da tafiya ta rikita masa lissafi, ya yi cara tun tsakar dare, Kawu ya tashi kowa sallah. Da asubar gaskiya ta yi, sai ga sautin daka a gidan mai. Inna ce. Direbobin tirela da suka kwana a wurin suka yi layi da kofuna, kafin rana ta fito ta mayar da kuɗin geronta har da riba, ta kuma tambayi ɗanta ko har yanzu yana ganin turmin kaya ne.

A gadar Jebba yara suka ga Kwara shimfiɗe suka sa ihu. Inna ta leƙa ta taga ta yi salati.

"To, Alhamdu lillahi, mun gani. Direba, juya mu koma."

"Tsohuwa, wannan gulbi ne," in ji jikanta. "Tekun na gaba."

"Kai ni can, mijin banza. Ruwan da ya hi wanga mi za a yi da shi?"

Kawu ya gyara zama ya ce su Kabawa ruwa ba ya ba su tsoro. Ya kawo gulbin Zamfara da ya yi wanka a ciki yana yaro, ya kawo bikin kamun kifi na Argungu da ake yi tun 1934, ya ce shi da a ce gora da koma suna cikin lodin nan da ya nuna wa Yarabawa abin mamaki. A riƙe wannan magana, za a neme ta.

Daga ƙetaren gada zuwa gaba, albasa ce takardar mota. Duk shingen da aka tsaya, mai shingen zai zagaya ya ƙare wa turmi kallo, ya nemi takardu, a ba shi, ya nemi wasu, a ba shi, sannan ya shaƙi iska ya tambayi abin da ke cikin buhun can. Kafin Ogbomosho rabin buhu ya koma kwata. A Ibadan aka tsaya cin abinci, uwargida ta leƙa tukunyar mai amala ta dawo ta ba da rahoto cewa tuwonsu ya ƙone har ya yi baƙi kuma a haka suke sayarwa. Miyar da aka zuba masa lalo ce, irin wadda ke fitowa a bayan gidanta, amma ta ce ita ba ta yarda da yauƙinta ba. Aka sauke kurfoti a bakin titi aka tuƙa tuwon shinkafa.

Wanda aka zo wa barka ɗaki ɗaya gare shi a Agege, kuma akwai 'yan garinsu huɗu da ke kwana a barandarsa tun bara kafin su samu wuri. Ya fito ya ga mutum 27 da zakara, ya yi murmushin da ba ya kai zuci, ya ce lale marhabin, ai gida ne. Mata suka shige ɗakin, shi da maza suka koma mota. Mai jego ta tashi ta ɗora tukunya.

Nan fa aka yi mako guda. Agege tana da Sarkin Hausawa, da masallatai, da masu shayi, da mai tuwo, da wanzami. Da safe Alhaji ya tafi Mile 12 ya zauna kan buhu cikin mutanen Aliero ana maganar farashin albasa da wanda ya yi asara a ajiyar bana. Da yamma a zauna a yi hirar wanda ya saki matarsa a Maiyama, labarin da ko a Maiyamar bai gama bazuwa ba. Matan suna bin gidajen 'yan uwa, daga Agege zuwa Idi-Araba zuwa Alaba Rago, ana ba su tuwo miyar kuka suna yaba Ikko. Mutum ya keta jihohin Neja da Kwara da Oyo da Ogun don ya zo ya ci abin da ya baro, ya ji labarin waɗanda ya baro, daga bakin waɗanda suka riga shi barowa. In ka tambayi Alhaji yaya ya ga Kurmi, sai ya ce wallahi mutanen kirki ne, alhali duk wanda ya gaisa da shi ɗan Kebbi ne.

Sai ana gobe komawa Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, tunda yara sun dame shi, bari a kai su su ga ruwan nan. Shi ne ya riga kowa shiga mota, da babbar riga mai aiki da sabuwar hula. Aka hau gadar Third Mainland, mai tsawon kilomita 11.8, wadda aka buɗe a 1990, Inna ta rufe ido tun daga farkonta tana jan carbi. Kawu ya karɓi jagoranci ya ce a nufi Bar Beach, shi ya san wurin tun direba bai san hannun damansa ba. Aka je aka tarar an cike wurin da yashi ana gina sabon birni mai suna Eko Atlantic. Kawu ya sauko, ya dubi gabas ya dubi yamma, ya ce lallai nan ya bar teku, sai dai in sun matsar da shi.

Can wajen Lekki aka samu inda ake shiga, amma da ƙofa da mai karɓar kuɗi, kuma kowane kai da kuɗinsa. A nan yaro mutum ne. Alhaji ya yi kicin-kicin.

"Ruwan Allah za ku saida muna? Ku kun gina shi?"

Aka yi ciniki har da rantsuwa, ragowar albasa ta tafi, aka shiga.

To ga teku. Ba tsallake, ba kwalekwalen fito, ba wanda za a kira daga wancan gefe. Igiyar ruwa ta taso ta watse a kan yashi, yara suka ruga, iyaye mata suka bi su da ihu suna riƙo. Aka waiwaya neman Kawu, gwanin ruwa, aka hango shi can kusa da inda aka ajiye motoci, hannu a baya. Aka ce Kawu bismilla, ga ruwa.

"A'a. Gulbi dai gaba shika yi, ka san inda ya nuhwa. Wanga kau zuwa shikai shina komawa, shina sake dawowa. Duk mai wanga zarya akwai abin da shika nema."

Ana cikin haka wani yaro ya jawo doki yana tallar hawa da Turancin kasuwa. Alhaji ya dube shi da kyau ya ce, "Kai, ɗan wa ne kai?" Ɗan Maiyama ne. Shi ke nan, aka juya wa teku baya. Ina babanka, ina kawunka mai injin niƙa, an biya bashin nan kuwa, yaushe rabonka da gida. Rabin sa'a ana gaisuwa. Sauran lokacin na hoto ne, shi ma baya ake ba ruwan: Alhaji a tsakiya da takalmi sau-ciki da safa, mata hagu da dama kowace tana lura da wadda ta fi kusa, Inna a kan darduma tana kallon wani wuri. Kafin a koma mota hoton ya isa Jega ta WhatsApp, majalisar da aka ɓoye wa tafiyar ta gani, ta kuma lura ba jariri a ciki.

Inna ce kaɗai ta yi hulɗa da tekun kai tsaye. Ta sa jikanta ya ɗebo mata a murfin kula, ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce wanda ya zuba gishirin nan ba shi da tausayi. Sannan ta ba da umarni a cika mata jarka biyu, domin an ce magani ne.

Komawa ta fi zuwa nauyi. Ga manja, ga kwakwa da ayaba, ga goron Shagamu, ga burodin Agege da aka zauna a kansa tun kafin Ibadan, ga kayan gwanjo, ga ƙarin fasinja biyu da suka ce tunda mota za ta gida babu kowa a ciki. An iso da dare don kada a gani, aka tarar maƙwabta zaune a ƙofar gida. Rabon tsaraba ya ɗauki kwana uku ya kuma bar gaba da gida huɗu: wadda aka ba kwalbar manja ta ji an ba wata galan, Gwaggo mai daddawa ta ce saƙon da ɗanta ya bayar ya fi haka a waya. A majalisa Alhaji ya ce ai wahala ce kawai, don dai zumunci. Kawu kuwa yana can Aliero yana ba da labarin yadda ya shiga har wuya, sai da ma'aikatan wurin suka roƙe shi ya fito.

Jarkokin Inna su suka fi kowa kasuwa. Mai ciwon ƙafa ta aiko, mai yaron da ke firgita ta aiko, wadda mijinta ke neman ƙara aure ta zo da kanta bayan isha. Wata shida ana ɗiba, jarka ba ta sauka ba. Jikan nan nata ne ya kama ta da sassafe a bakin rijiya, jarka a buɗe, guga a hannu ɗaya, ƙullin gishiri a ɗayan. Ta ce in ya kuskura ya buɗe baki, baɗi ba ya cikin masu zuwa Kalaba.